Tsohuwar Sandar Fatsa ta Zaren Gilashi: Sayenta da Su da Ita

 Jama'a masu sauraro, a wannan fili na faɗakarwa mun saba ɗauko wata sana'a daga cikin sana'o'in bani Adama, ta kusa ko ta nesa, mu warware ta a tsanake har mu ga hikimar da Allah Ya kimsa a cikinta. Yau tafiyar tamu mai nisa ce, gama za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu ɗan ratsa ta Ingila, domin mu yi magana a kan wani abu wanda, in aka miƙa shi ga wanda bai san tarihinsa ba, zai ce tsumagiya ce aka shafa wa fenti, alhali kuwa akwai mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu da tsufansu wajen gyara ƙirarsa: watau tsohuwar sandar fatsa ta zaren gilashi, wadda aka yi yayinta daga 1947 zuwa tsakiyar shekarun 1970, wadda a yau sai a kasuwar gwanjo ake samunta, ko a ɗakin ajiyar wani dattijo da ƙafa ta daina kai shi bakin rafi.

Amma kafin mu taɓa sandar, wajibi ne mu san irin sun da aka yi ta dominsa, don wanda bai san aiki ba, ba ya gane darajar kayan aikin. Fatsar da muka tashi muka sani ita ce a soka tana ko fara a ƙugiya, a ɗaura 'yar darma don ta nutse, a jefa, a nemi inuwa a zauna jira. Wannan kuwa da muke magana a kanta, babu tana a cikinta, babu darma. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya ake ɗauka, a naɗa mata gashin wuyan zakara da ɗan ulu da zaren siliki, har ta fito da siffar ƙwaro mai fiffike, sa'an nan a sauke ta bisa fuskar ruwa a hankali, yadda kifi zai zaci ƙwaron gaske ne ya faɗo. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki da magariba bayan ruwan farko, ya ga yadda shinge ke zuba kan ruwa, kifi na tasowa yana cafkewa yana barin da'ira a bayansa, to, ya riga ya ga tushen wannan fasaha da idonsa. Ba kuwa sabuwa ba ce, domin wani marubucin Rumawa mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 ta Miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya suna kama kifi. Kifin da aka fi nema ta wannan hanya a Turai da Amurka shi ne wanda suke kira tirawut, mai ɗige-ɗige a jiki, wanda ba ya jin daɗin zama sai a ruwa mai sanyi, garai-garai.

To, a nan wata mas'ala ta taso. Ƙwaron gashi ba shi da nauyin da za a yi jifa da shi; ɗauki gashin kaza ka wurga da iyakar ƙarfinka, ka gani ko zai wuce inuwarka. Dabarar da aka yi ita ce aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta, aka yi ta da kauri, aka ɗaura mata siririn zare marar launi a ƙarshe, wanda shi ke riƙe da ƙwaron. Saboda haka igiya masunci ke jefawa, ƙwaro kuwa ɗan rakiya ne. Yakan kaɗa sandar baya, igiya ta miƙe cikin iska a bayan kansa, nauyinta ya tanƙwara sandar kamar yadda maharbi ke ɗana baka, sa'an nan ya kaɗa gaba, sandar ta miƙe, ta tura igiyar ta shimfiɗu kan ruwa. Ke nan dukan al'amarin ya rataya ne a kan yadda sandar ke tanƙwaruwa da yadda take komowa, kuma a kan wannan tanƙwarar ce masu ƙira suka yi ta shan wahala ƙarni bayan ƙarni.

Da fari da itace ake yinta, mai nauyi, har aka gano gora. Ba kowace gora ba kuwa, wata iri ce da ke fitowa a kudancin ƙasar Sin, wadda fatake suka laƙaba wa suna gorar Tonkin. Mai ƙira yakan tsaga ta, ya fere tsagi shida, kowane mai kusurwa uku, ya siranta su zuwa tsini bisa ma'auni, kana ya manne su su zama sanda guda mai gefe shida. Aiki ne na kwanaki masu yawa, shi ya sa ta ƙwarai take da tsada, sai mawadata. Mai araha kuwa takan yi nauyi, ta sha ruwa, manninta ya saki. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya datse hanyar safara, da aka gama shi kuma ba a daɗe ba, a 1950, sai Amurka ta haramta ciniki da Sin saboda yaƙin Koriya, takunkumin da ba a ɗage ba sai a 1971.

Ikon Allah, mafita ta zo ne ta sanadin karyewar sanda. A 1944 wani masanin sinadarai mai suna Dakta Arthur Howald, wanda ke aiki a sashen Plaskon na wani kamfanin gilashi a birnin Toledo na jihar Ohayo, ya tafi su a arewacin jihar Mishigan, kan sandarsa ta gora ya karye, ga shi lokacin yaƙi ne, madadi ya yi wuya. Da ma aikinsa ya shafi haɗa zaren gilashi da danƙon masana'anta. Shi zaren gilashi, gilashi ne na sosai ake narkarwa, a ja shi har ya fi gashin kai siranta, ya zama ana iya saƙa shi kamar ƙyalle. In aka jiƙa shi da danƙo ya ƙame, sai ya zama abin nan da masu gyaran mota da masu ƙera kwalekwale ke kira faiba. Howald ya yi wa sandarsa sabon kai da shi, ya ga ya yi, ya ci gaba da jarrabawa, daga bisani ya kai wa kamfanin Shakespeare na garin Kalamazu, wanda suna kaɗai ya haɗa shi da marubucin nan na Ingila, har a 1947 suka fito da sandar da suka kira Wonderod. An fi saninta fara sol, kuma in ka shafa ta za ka ji wani siririn zane ya kewaye ta tun daga gindi har kai, wanda shi ne gurbin ɗaurin da aka yi mata sa'ad da ake gasa ta.

A daidai wannan zamani, can a Kalifoniya, mutanen da suka koyi sarrafa zaren gilashi a masana'antun jiragen yaƙi suka bi wata hanya, wadda daga baya ta zama ruwan dare: a yanka ƙyallen gilashi mai danƙo, a naɗe shi jikin wani ƙarfe mai tsini, a ɗaure tam, a gasa a tanda, a zare ƙarfen, a bar bututu mai rami marar nauyi. Sandunan da ake kira Conolon daga can suka fito. Daga nan ƙofa ta buɗe. Bill Phillipson na birnin Denba, wanda gwanin gora ne tun asali, ya koma gilashi ya yi suna, har kamfanin 3M ya saye ma'aikatarsa a 1972. Masu ƙera sandunan Eagle Claw suka cika kantuna da tasu mai launin rawaya, mai arahar da ko ɗan makaranta na iya tara kuɗinta. Russ Peak na Pasadina ya zauna a ɗan shagonsa yana ƙera ɗai-ɗai da hannu. A Ingila kuma gidan Hardy na garin Anik, wanda aka kafa tun 1872, ya fito da tasa mai suna Jet. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne, a cikin 'yan shekaru ƙalilan, sana'ar da ta kasance ta masu hannu da shuni ta sauko hannun leburan masana'anta da malamin firamare.

Akwai aibi guda da ya daɗe yana damun masu ƙira, shi ne mahaɗi. Sanda mai tsawon ƙafa 8 ba ta shiga mota sai an raba ta biyu, kuma a da, da bututun ƙarfe ake haɗa gaɓoɓin, mace da namiji. Ƙarfe kuwa ba ya tanƙwaruwa tare da gilashi, don haka sai ka ji wani sandararren wuri a tsakiyar sandar, ga ƙarin nauyi, ga shi a bakin ƙarfen nan ne take yawan karyewa. Kamfanin Fenwick, wanda aka kafa a 1952 a garin Kent na jihar Washinton, shi ya kawo maganin wannan a 1962, ta hannun wani gwanin jifa mai suna Jim Green, wanda ya jefar da ƙarfen gaba ɗaya, ya sa gindin gaɓar sama ya haɗiye kan gaɓar ƙasa, gilashi a kan gilashi. Suka sa wa wannan mahaɗi suna Feralite. Daga ran nan sanda mai gaɓa biyu ta koma tana tanƙwaruwa kamar guda ce, kuma shekaru goma da suka biyo baya su ne, a ganina, lokacin da ƙirar gilashi ta kai maƙura.

Abin mamaki, wannan kamfani da ya kai gilashi ƙololuwa shi ne kuma ya buɗe ƙofar da ta rufe kasuwarsa, domin a 1973 ya fito da sandar zaren kabon mai suna HMG. Zaren kabon ya ninka na gilashi tauri kusan sau uku, saboda haka ana iya yin sanda doguwa, siririya, sakayau, mai wurga igiya nesa ko da iska na kaɗawa. Kafin a ankara jama'a sun juya, an tura sandunan gilashi bayan ƙofa, ba don sun lalace ba, sai don an yi sabuwar amarya.

Ba zan ɓoye muku ra'ayina ba, 'yan'uwa. Ba na musun falalar kabon a babban kogi, ko a bakin teku, ko inda ake bukatar jifa mai nisan gaske. Amma galibin kifin ƙorama ana kama shi ne a tazarar da ba ta wuce taku goma zuwa goma sha biyar ba, kuma a wannan tazarar sanda mai tauri ba ta ko fara tanƙwaruwa ba, sai mutum ya riƙa fizga da ƙarfin damtse, alhali ta gilashi, saboda laushinta da ɗan nauyin jikinta, tana ɗanuwa ko da igiyar da ke waje kaɗan ce. In kifi ya kama kuma, takan bi shi ta rusuna har kusa da mariƙi, ta shanye fizgarsa, siririn zaren nan na ƙarshe ya tsira daga tsinkewa. Ga ta da jimiri: bugun reshe ko dutse da zai yi wa kabon rauni a ɓoye ya karye daga baya, ita sai dai ya bar mata ƙwarzane. Shi ya sa sandar da ta haura shekara 50 take nan tana aiki, kuma in ba a bi sunayen da masu tara kayan tarihi suka tsawwala wa kuɗi ba, ana samunta a ƙasa ƙwarai da kuɗin sabuwa.

Ni kaina na san wannan sha'ani ne sa'ad da na yi zaman karatu a jihar Mishigan, inda na yi maƙwabtaka da wani dattijo, tsohon ma'aikacin kamfanin mota, mutum mai ƙarancin magana. Al'adar mutanen can ce, in bazara ta yi, mai gida ya fito da tarkacen da ba ya bukata ya baje a ƙofar gida ranar Asabar. Wata rana muka tsaya a irin wannan wuri, sai ya hango wani bututun alminiyam a jingine tsakanin tsofaffin fitilu, ya kwance murfin, bai ko dubi sandar ba sai da ya kai hancinsa bakin bututun ya shinshina. Na tambaye shi dalili, ya ce in an taɓa ajiye ta a jiƙe, warin fumfuna ne zai fara ba da labari. Sa'an nan ya zaro ta daga rigarta ta ƙyalle, ya jera gaɓoɓin biyu a ƙasa kai da kai. A mafi yawan sanduna masu gaɓa biyu tsawonsu ɗaya ne, ko kusa da haka. In ka ga ta sama ta gaza da inci biyu ko uku, to, ta taɓa karyewa aka mayar mata da zoben kai, kuma sandar da ta rasa tsininta ta rasa rabin ladabinta.

Bayan wannan sai mahaɗi, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa. Ka ɗaga bakin macen zuwa haske ka juya shi a hankali, kana neman tsaga ko da siririya ce kamar gashi. Ka haɗa sandar, ka riƙe mariƙi, ka kaɗa ta a hankali, ka kasa kunne: in ka ji ɗan ƙas-ƙas a tsakiya, ko ka ji motsi a tafin hannunka, mahaɗin ya sassauta. Na ƙarfe mai lafiya yakan shiga da ɗan ƙyar, in an zare shi kuma ya yi ƙara kamar an buɗe kwalba, kuma miƙe ake jansa, ba a murɗawa. Akwai wani iri kuma, irin na Hardy, wanda ɗan turke ne ke fitowa daga gaɓar ƙasa ya shige ta sama. Shi wannan, da gangan aka bar rata kamar faɗin ɗan yatsa tsakanin gaɓoɓin, domin ya sami wurin matsewa yayin da yake cinyewa, saboda haka wanda bai sani ba ya ga ratar ya ce aibi ne, alhali rashinta ne aibin. Daga nan sai ka bi jikin sandar da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Ƙwarzanen fenti ba kome ba ne. Abin tsoro shi ne farin tabo da ya shiga cikin jiki, ko wurin da ke lotsawa in an matsa, domin alama ce an taɓa take ta, ko ƙofar mota ta datse ta, zaren ciki ya rabu da danƙonsa.

Sauran abubuwan duk masu gyaruwa ne, kada su hana ka ciniki, sai dai su rage kuɗi. Zobban da igiya ke bi ta cikinsu sukan yi tsatsa ko su zaizaye. Dattijon nan auduga yake zurawa a cikinsu, in ta maƙale ya san akwai kaifin da zai fere igiya. Naɗin zaren da ke riƙe da su yakan bushe ya farfashe, mai haƙuri na iya sake shi a dare biyu. Mariƙin kuwa, wanda ake yi da ɓawon itacen nan mai taushi da ake toshe kwalba da shi, in baƙi kawai ya yi, ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi.

Sandar da muka saya ran nan farar Wonderod ce, kuma a jikinta na ga wani abu da ya tuna mini da gida. Kusa da lambarta akwai haruffa, na farkonsu E da F. Dattijon ya ce ai shekarar ƙira ce aka ɓoye a ciki, domin kamfanin ya ba kowane harafi adadi, ana ƙirgawa da baya: K ɗaya, J biyu, H uku, G huɗu, F biyar, E shida, D bakwai, C takwas, B tara, A kuwa sifiri. Ke nan E da F sun ba da 65, watau 1965. Na ce masa malamanmu sun daɗe suna irin wannan, suna rufe waƙa da ramzi, su dunƙule shekarar Hijira cikin kalma guda bisa hisabin haruffa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in sake faɗa masa sunan abin, ya rubuta a bayan takardar sayen mai. Fenwick su ma suna da tasu ishara, mai sauƙi: in ka ga FF806, ƙafa 8 ce cif, igiya lamba 6, FF756 kuwa ƙafa 7 da rabi, ita ma lamba 6; bayanin lambar igiya na nan tafe. Tsakanin ƙafa 7 da 8 nan ne gilashi ya fi daɗin hannu, nauyinsa bai cika wuce giram 100 da 'yan kai ba. In ya kai ƙafa 9, kafin la'asar kafaɗa ta fara kuka.

A yau akasarin wannan ciniki ta intanet ake yinsa, mai saye bai taɓa hajar ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayarwa in aibin da aka ɓoye ya bayyana. To, ka riƙi wannan ƙa'ida ka yi aiki da ita. Ka nemi hoton bakin mahaɗi daga kusa, ka nemi a auna maka kowace gaɓa da tef, ka tabbatar da sharaɗin mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka. Na taɓa sakaci da wannan sau ɗaya, na sayi wata mai launin ƙasa-ƙasa daga wani mutum da ya ce lafiyarta lau, ta iso da sabon naɗin zare mai ƙyalli a bakin mahaɗi, ashe tsaga aka lulluɓe. Jifa na uku ta buɗe har tsawon ɗan yatsa. Abin da ya fi ba ni ciwo ba kuɗin ba ne, sandar ce, domin da ya faɗi gaskiya, da an ɗaure tsagar yadda ya kamata tun ba ta yi nisa ba.

Saura igiya, wadda rashin saninta ya sa mutane da yawa suka yanke wa sandunan kirki hukuncin zalunci. A zamanin igiyar siliki da haruffa ake bayyana ta, kuma kauri haruffan ke nunawa, ba nauyi ba. A farkon shekarun 1960 ƙungiyar masu ƙera kayan su ta Amurka ta kawo ma'auni sabo, aka koma auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya: lamba 5 kimanin giram 9, lamba 6 giram 10 da ɗoriya, lamba 7 giram 12. Saboda haka in ka ga an rubuta HEH a jikin tsohuwar sanda, nemi lamba 5; HDH, lamba 6; HCH, lamba 7; amma kusantarwa ce kawai, hannu ne alƙali, ka gwada ta sama da ta ƙasa ka ji wadda sandar ta karɓa. Ka lura kuma, igiyoyi da yawa na wannan zamani an ƙara musu nauyi fiye da lambarsu domin su iya tanƙwara kabon mai tauri, irin waɗannan sukan danne gilashi ya yi lagwas. Ka nemi wadda nauyinta ya yi daidai da lambarta.

Ranar da na fara jifa da ita, a wata ƙorama ce da itatuwa suka yi wa rumfa, ruwa iyakar gwiwa, sanyinsa na ratsa takalmin roba. Na kaɗa baya, na yi hanzarin kaɗawa gaba, sai na ji ƙarar fyaɗa a bayana kamar ta bulala. Da na jawo zaren, babu ƙwaro, ya tsinke ya tafi. Dattijon ya ɗaura mini wani, ya zo ya tsaya a bayana, ya kama wuyan hannuna, ya ce in rufe ido. Muka kaɗa baya tare, ya tsayar da hannuna cak daidai kunne, muka dakata, ni ina ganin dakatawar ta yi yawa, har sai da na ji wani ɗan ja a tafin hannuna, a hankali, kamar yaro ya kama gefen riga. Ya ce, "Ka ji? Yanzu." Muka tura gaba ba da ƙarfi ba, na buɗe ido na ga igiya tana warwarewa a kan ruwa, ƙwaron ya sauka a ƙarshe kamar an ajiye shi da yatsa. Wannan ɗan jan shi ne sirrin gilashi: yana gaya wa hannu lokacin da igiya ta gama miƙewa, abin da sanda mai tauri ke faɗa da sauri har sabon shiga bai iya ji. Kusa da magariba, a gindin wani kututture da ya faɗa ruwa, aka yi da'ira inda ƙwarona yake, na ɗaga sandar, ta rusuna har na ji bugun kifin a gwiwar hannuna, ga shi tsawonsa bai fi ɗani guda da 'yan yatsu ba.

Mutanen can da yawa sukan saki kifin bayan sun kama, don kada ƙorama ta ƙare, wasu wurare ma doka ce. Mu kuwa mun karanta a fiƙihu cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don bukata kuwa halal, kuma Shari'a ta hana azabtar da dabba. Abin da na tsayar wa kaina shi ne in fita da niyyar abinci, in ɗauki abin da doka ta yarda kuma tukunya ke bukata, ƙaramin da bai kai ba in jiƙa hannuna in zare masa ƙugiya da gaggawa in mayar da shi, in na sami rabona kuma in naɗe igiya. Nakan matse ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida, don fitarta ta yi sauƙi.

Na taho da farar sandar nan gida, kuma na jarraba ta a kan karfasa da kawara a farkon damina, lokacin da shinge ke tashi, sun kuwa amsa. Tsage kam haƙoransa sun fi ƙarfin siririn zare, giwan ruwa kuma ba sa'an sanda mai lamba 6 ba ne, kada a zalunce ta. Abin da na fi kiyayewa a nan shi ne zafi: ba na barinta cikin mota a rufe da rana, ba na jingine ta a kusurwar ɗaki, don kada ta ɗauki lanƙwasa ta zauna da ita. In na dawo daga ruwa nakan raba gaɓoɓin, in goge su, in shanya rigar daban har ta bushe ƙayau kafin in mayar cikin bututu. Mahaɗin ƙarfe tsabta kawai yake so, na gilashi kuma a ɗan goga masa kyandir sau biyu ko uku a shekara.